Kariyar Cikin Randa

Kawar, farkon Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, Inna tana lafiya, da duk mutanen unguwar Zariya. Ni ma lafiya lau, sai kewa. Na iso inda sarbis, wato aiki, ya jefo ni, ɗan asibitin ƙauye mai ɗaki biyu a tsakiyar dabino da gishiri. Rezon waya babu shi ko na rantsuwa. Eriyar garin da ke kusa da mu ta mutu tun kafin in zo, salulata ta koma fitila. Don haka mun koma zamanin kakanni. Jibo direba, mai kawo gero da albasa daga Maraɗi, ya yarda zai riƙa kai takardata har ƙofar gida, ya karɓo taki.

Na san abin da za ki ce in kin karanta abin da ke biye, wai Yaya Tsahara ta bar uwa mai tari amma tukwane take tambaya. Ki faɗa, ba ke kika fara ba. Inna na bar ta a hannunki da zuciya ɗaya, don tun ranar da Kawu ya kawo ki riƙo gidanmu ban taɓa ganin kin bar ta da yunwa ko ƙishirwa ba. Tukwanena kuwa, wannan kirkin naki ne nake tsoro a kansu.

Ɗari na tafe, ga yadda za ki yi. Dashen gwanda da lemun tsami da ɗoɗɗoya, ki jawo su jikin bangon da rana ke duka. In magariba ta yi ki rufa musu tsohon buhu, da hantsi ki yaye. Waɗannan ki ba su ruwa son ranki, ki huce a kansu. Amma masu ƙiban nan, zabuwa da karan masallaci da tinya da ƙerana, duk na cikin gwangwanayen tumatir da fasassun tukwane, ki tara su ƙarƙashin rumfa ki manta da su. Ruwansu na cikin jikinsu. Yashin Gulbi da gawayi na zuba musu don kada ruwa ya kwanta, kar ki ga ƙasar ta bushe ki ce na zalunce su. Ke 'yar Jiratawa ce, kin tashi a garka inda hana shuka ruwa ya kusa zama zunubi, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tinya in ta karye kar ki kai hannu ido, nononta na makanta mutum.

Sai babbar, kariya, mai tumbin nan ta cikin tsagaggiyar randa. Kin san Baba ne ya yanko ta daga gidan kakanmu a Tibiri tana kamar ɗan yatsa, shi ya dasa ta da hannunsa, ita kaɗai ce abinsa mai rai da ya rage mana. Ki nemi mai taya ki ku shigar da ita ɗakina kusa da taga. Za ta zubar da ganye ta tsaya tsirara kamar ta mutu. Ba mutuwa ba ce, barci take. Duk wanda ya kai mata wuƙa ko buta kafin in dawo, ban yafe ba, na rubuta ki ajiye.

Ki gaida Inna, ki faɗa mini yadda tarin yake.

Yayarki,
Tsahara

Maraɗi, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Tsahara,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, mun gode Allah da kika isa lafiya. Maman Lawali maƙwabciyarmu tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da dabino in da hali.

Na yi duk yadda kika ce. Ni da Maman Lawali muka ja randar nan har ɗakinki, bayana bai daina ciwo ba har yau. Inna tana zaune a tabarma tana kallonmu, ta ce, "Wagga ɗiya tawa, ko miji ba a yi ma hidimar da taka yi ma icce." Gwanda da lemun tsami suna kwana cikin buhu kamar jarirai. Ɗoɗɗoya ce dai sai haƙuri, akuyar Maman Lawali ta shigo ta yi mata aski. Ta bi ta ɗakinki ma da na bar ƙofa a buɗe, ta shinshina kariya sau ɗaya ta juya da gudu. Na ce lallai wannan itaciya ba ta banza ba ce, tunda akuyar da ke cin leda ta ba ta girma.

Ganyen ya fara zuba kamar yadda kika faɗa. Amma Yaya, gani ya fi ji. Kullum da safe sai na share rawayen ganye a gindinta, ƙasar ta yi fari fat, rassan sun tsaya kamar hannun mai roƙo. In na bi ta ƙofar da buta zan yi alwala, sai in ji kamar tana kallona.

Yanzu ga babban abin da ya sa nake rubutu. Tarin Inna ya canza. Da can busasshe ne, yanzu daga can ƙasan ƙirji yake fitowa, in ya kama ta sai ta dafe bango, hawaye na zuba, ta daɗe kafin numfashi ya dawo. Tuwo loma biyu take ci ta ture. Na ce mu hau kabu-kabu mu je asibiti, ta ce ita ba ta zuwa ta yi layi a hannun yaran da ba su kai ɗiyarta ba, likitarta na Kawar. Na sayo mata ƙwayoyi wurin masu tebur a kasuwar Sabon Gari, ja da fari, ba su yi komai ba sai sa ta jiri.

Ina tsoro, Yaya. Ni kaɗai ce da ita a gidan nan, in ta yi shiru a ɗaki sai na leƙa na ga zanenta na motsi kafin hankalina ya kwanta. Ke ce mai ilimin, maganarki kaɗai take ji. Ki faɗa mini abin da zan ba ta, ko mene ne zan yi.

Ƙanwarki,
Rahma

Kawar, Disamba

Rahma,

Gaisuwa a gurguje, ina lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Jibo bai kwana ba wannan karon, ya sauke kaya zai juya, ga shi can yana ta danna oda, ni kuma ga mace kan gwiwa a ɗaki na biyu. A tsaye nake rubutu.

Ki zubar da ƙwayoyin masu tebur yau ɗin nan, kar ki ƙara ba ta ko ɗaya. Na san ƙirjin Inna, duk shekara sanyi ne ke shigarsa. Ba ƙwaya yake so ba, kariya yake so. Ki kula da wannan safe da yamma, kar ki yi wasa, duk abin da kike buƙata yana ɗakina. In ta yi gardama ki ce ni na ce. In kuma zazzaɓi ya shigo, ki aika wa Gwaggo a Tibiri, ita ce mai iya ɗaga ta zuwa asibiti.

Kar ki tsorata, kina ƙoƙari. Ki gaida Maman Lawali, ga dabinonta wurin Jibo, ki ce ta ɗaure akuyarta.

Tsahara

Maraɗi, tsakiyar Disamba

Zuwa ga Yaya Tsahara,

Assalamu alaikum. Muna nan da sauƙi, tarin dai bai sake ta ba. Maman Lawali ta ga dabino, tana ta sa albarka.

Yaya, da na karanta takardarki sai da na zauna a dokin ƙofa na yi kuka. Ke da kika ce ba ki yafe wa wanda ya kai wa kariyar Baba wuƙa ba, yau ke ce da kanki kika bayar da ita saboda Inna. Mutane na cewa kin fi son itatuwa da mutane, da ma su ga wannan takarda. Ashe shi ya sa kika sa muka shigar da ita ɗakinki, kika hana a taɓa ta, kina ajiye ta don irin wannan rana. Ashe akuya ma ta san magani.

Ba ki faɗi yadda ake haɗawa ba, na san sauri kike, amma kar ki damu. Na sha ganin yadda babana ke yi da saiwoyi a Jiratawa. Zan sassaƙo daga tumbin, wajen da ya fi ruwa, in jiƙa a kwanon sha ya kwana, in tace, in ba ta kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma kamar yadda kika ce. In da ɗaci zan sa zuma. Ban gaya mata ko mene ne ba, kin san ta da kayan Baba, cewa za ta yi a bari. Zan ce jiƙo ne kika aiko, tunda sunanki kaɗai ke sa ta buɗe baki.

Na wasa ƙaramar wuƙa. Jibo yau zai tashi, ni kuma gobe in Allah ya kai mu zan fara. Ƙwayoyin na zubar da su a masai.

Ƙanwarki mai godiya,
Rahma

Kawar, Janairu

Rahma,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. KAR KI BA TA. In kin fara ki daina. In akwai saura a kwano ki zubar inda kaza ma ba za ta kai baki ba, ki fasa kwanon, ki ɗauki Inna ko tana so ko ba ta so ki kai ta asibiti, ki ce musu ruwan kariya ta sha.

Guba ce, Rahma. Da ruwanta maharba ke shafa kibiya. Zuciya take kamawa, ta birkita bugunta har ta tsaya. Akuyar nan ba girma ta ba ta ba, ranta ta tsere da shi. Ni kariya daga sanyi nake nufi, irin wadda muke faɗa wa mata kullum a asibiti har ta zama mini ruwan baki. Bargo nake nufi, da hular ulu, da man shafa ƙirji, suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona. Abin da ke ɗakina ke nan. Na zauna na tuno layin da na rubuta miki kalma bayan kalma, na ga babu yadda za a yi ki karanta shi daban. Wata biyu ina cika miki kunne da kariya, kariya, sannan na rubuta wannan. Na gargaɗe ki kan nonon tinya saboda idonki, ban ce miki komai kan wadda ke kisa ba, don a kaina ba a taɓa ta balle a sha.

Ina rubuta "kar ki ba ta" ina kuma sane da cewa goben da kika faɗa ta wuce tun takardarki na cikin aljihun Jibo a hanyar Agadas. Duk abin da zai faru ya riga ya faru, ni ce kawai ban sani ba. Yau na ɗaura wa wani tsoho abin awon jini, na kasa karanta lambar, sai da abokin aikina ya karɓe ni.

Jibo ya ce ba zai tsaya ko'ina ba sai shan mai. In wannan ta same ki Inna na da rai, ki shafa mata tawadar biro a babban yatsa ta dangwala a takardar da za ki aiko. Ba don ban yarda da ke ba. Na san ki, za ki iya ɓoye mini don kar in ruɗe a nesa, ni kuma idona nake so ya gani.

Ba laifinki ba ne, ko me ya faru. Ki ji wannan da kyau.

Tsahara

Kawar, ƙarshen Janairu

Rahma,

Sallama. Ban san wa nake gaisarwa ba, ban san wa zan tambayi lafiyarsa ba.

Jibo bai dawo ba tukuna. Na kasa zama, na bi wata motar gishiri zuwa rijiyar da manyan motoci ke yada zango, na roƙi wani direba ya ara mini wayarsu ta sahara, mai kama tauraron ɗan'adam. Na kira lambarki. Ta shiga, Rahma, na ji tana ƙara, aka ɗauka, na ce "Rahma, ni ce," sai aka kashe. Na sake kira, a rufe. Ke da ko almuru na kira ki daga wurin aiki kina ɗauka kafin ƙara ta biyu.

Sai na kira Maman Lawali. Iska na ta yanke maganar, abin da na tsinta shi ne, "Ai gidan na ruhe, ɗiyata. A mota anka ɗauke ta, sun tahi da ita Tibiri." Na ce da ƙafarta ta shiga motar ko ɗaukarta aka yi, na yi ta maimaitawa, layin ya mutu, mai waya ya ce kuɗin ciki ya ƙare.

Tibiri. Kin san abin da ke Tibiri. Can aka kai Baba makwancinsa, can Inna ta ce a kai ta kusa da shi. Tun daga rijiyar nan har gida ina gaya wa kaina ai Gwaggo ma a Tibiri take, ai ni na ce a aika mata. Sai wata zuciyar ta ce, to me ya sa Rahma ta kashe waya da ta ji muryarki? Mutum ba ya gudun muryar ɗan'uwansa sai yana riƙe da abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Na nemi konje, wato hutun aiki, an ce sai wanda zai canje ni ya iso, shi kuma yana jiran ayarin motoci. Ina aiki, ina ba mutane magani, ina kallon hannuna kamar na wata. Akwai wata 'yar zabuwa da na tsinta a nan na dasa a gwangwanin madara, jiya na juya ta ta fuskanci bango, ba na son ganinta. Shekara da shekaru ina tattara waɗannan abubuwa, ina alfahari wai su ne masu haƙuri, ba sa roƙon kowa komai. Inna ta sha cewa in yi hankali, abin da ba ya roƙo ba a san abin da ke cikinsa ba. Dariya nake mata.

Wani yaron mota zai bi ta Maraɗi, ya ce zai tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa. In an yi rasuwa ki faɗa mini kai tsaye. Na fi iya ɗaukar ta da wannan shirun.

Tsahara

Maraɗi, Fabrairu

Zuwa ga Yaya Tsahara,

Inna tana da rai. Tana nan zaune gabana tana tsince wake, tana faɗa wai na bar tsakuwa. Ga yatsanta a ƙasan takarda. Ta ce, "Mi na yi da za a sa ni dangwale, zaɓe a kai?" Ban gaya mata dalili ba. Ko ɗigo ba ta sha ba, Yaya, ko ɗigo.

Jiya muka dawo daga Tibiri, na buɗe ƙofa na tarar da takardunki biyu a ƙasa. Na karanta ta farko a tsaye. Har yanzu in na tuna na wasa wuƙa, na tanadi zuma don ta sha da daɗi, sai in tashi in je in leƙa ta.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na kashe waya. Kariyar Baba ta mutu, ni na kashe ta.

Tun ranar da ganyenta ya fara zuba nake ba ta ruwa. Da farko ragowar butar alwala ce, na ce wannan ai ba ruwa ba ne, sadaka ce. Da na ga ganyen bai daina zuba ba sai na ce bai ishe ta ba, na koma kwano, daga baya rabin bokiti. Ina zubawa ina jin maganarki a kunnena, amma hannuna ya ƙi ji. A garkarmu in shuka ta sunkuyar da kai, babana ko sallama ba ya amsawa sai ya buɗe mata ruwa. Na ce Yaya ta yi karatu amma ba ta ga yadda abin nan ya rame ba, in ta dawo ta tarar da shi kore shar za ta gode mini.

Washegarin tafiyar Jibo na shiga da wuƙa da kwano. Na ɗora wuƙar a tumbin, ban ko danna ba ta nutse har ƙota, kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Wani baƙin ruwa ya biyo, da wari, sai da na toshe hanci. Na taɓa reshe, duk itaciyar ta kife ta rabu da gindinta. Na tona ko zan samu wuri ɗaya mai kyau da zan jiƙa, babu, har saiwa ta zama kunu. Na kwashe a buhu na kai juji, na wanke hannu da toka, na rufe ɗakinki. Na ce shi ke nan, na kashe abin Baba, na kuma kashe maganin Inna, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ana haka zazzaɓi ya rufe ta, na aika wa Gwaggo. Ta zo da mota, ta yi wa Inna tsawa irin ta yayar miji, Inna ta shiga da ƙafarta. A asibitin can suka ce sanyi ne ya kama huhu, suka yi mata allurai, Gwaggo ta ajiye ta a ɗakinta mai garwashi. Ni kuwa ban haƙura ba. Na je tsohon gidan kakanku neman uwar kariyar, in samo wa Inna magani, in kuma dasa wata a randa ko Allah zai sa ba za ki gane ba. Na tarar an tuge ta an gina ɗaki a wurin. Na tsaya a lungun ina kuka, ina cewa wace irin baƙar ƙafa ce da ni, sau biyu ana hana Inna magani ta dalilina.

Ranar da kika kira, ina jin muryarki na ga randar nan wayam a zuciyata, na tuna "ban yafe ba." Yatsana ne ya kashe kafin in yi tunani, na cire batir na tura ƙarƙashin katifa. Ni tsorona kar ki tambaye ni itaciya. Ban san kina can kina binne uwarki a zuci ba. Wannan ya fi kashe kariyar muni, kuma ba ni da abin cewa a kai.

Sauran masu ƙiban suna nan lafiya, su ban ba su ruwa ba, don suna waje Inna na gani. Karan masallaci har ya yi 'ya'ya. Gwanda ɗaya ta bushe da muna Tibiri. Randar na wanke ta na kife. In kin ce in koma Jiratawa in kin dawo, zan koma, amma ki bari sai Inna ta ƙara ƙarfi.

Ƙanwarki,
Rahma

Kawar, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Rahma,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Yau ce ranar farko da na rubuta wannan kalma da gaskiya tun shigowar shekara.

Jibo ya miƙo mini takardar ta tagar mota, ban karanta daga sama ba, ƙasa na fara dubawa. Na zauna a kan yashi a gaban mutane na ɗora yatsana kan na Inna. Jibo ya zaci rasuwa ce, ya sauko yana ta salati, sai ya ga dariya nake da hawaye.

Ke da Jiratawa sai ziyara, kar in ƙara jin wannan magana. Na ba ki umarni biyu. Wanda kika bi da zuciya ɗaya shi ne zai kashe Inna, wanda kika karya a ɓoye shi ya tsare ta. Da kin kasance mai jin maganata kamar yadda nake so, da tumbin nan na nan da ƙarfinsa ranar da kika shiga da wuƙa. Wani hani ga Allah baiwa ne. "Ban yafe ba" da na rubuta na janye ta, ki nemo takardar ki sa a murhu. Ni ce mai neman yafiya, da na sa ki tsorona har ya fi ƙarfin ki ɗauki waya. Baba kuwa, na san da za a tambaye shi tsakanin itaciyarsa da matarsa, ba zai bari a ƙarasa tambayar ba.

Tinya da ƙerana ki ɗora su kan katanga inda hannu ba ya kai, in na zo zan zauna in gaya miki abin da ke cikin kowace tukunya, abin da ya kamata in yi tun farko. Randar ki tayar da ita. In kin je gida ki karɓo dashen tattasai wurin Kawu, ki cika ta da taki, ki ba shi ruwa har ya ce ya ƙoshi. Taki ce.

Sanyi bai gama fita ba. Ki jawo akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gadona ki ciro wa Inna bargo. Bargo na rufa, mai gashi, ruwan ƙasa, ba ɓargon ƙashi ba. Na karanta layin nan na sake karantawa, na kuma ba Jibo ya karanta ya faɗa mini abin da ya fahimta kafin in liƙe.

In za ki amsa, ki sake sa ta dangwala. Ki ce mata zaɓen zagaye na biyu ne.

Yayarki,
Tsahara